A Shigo da Soyayyar Nan Cikin Gida

Ya ku magidanta, ya ku matan aure, ina soyayyar da aka yi ta zubawa a ƙofar gida? Saurayi ya taso daga Kurna har Gyaɗi-Gyaɗi zance, sauro na cizonsa a zaure bai ko ji ba. Ya ci bashi ya haɗa lefe akwati shida. Wata uku da ɗaurin aure sai ka ga ya shigo da sallama ciki-ciki, maganar farko a bakinsa, "Ina abincina?" Ya ci, ya wanke hannu, ya koma majalisa sai tsakar dare. Wallahi wannan abu yana ci mini rai.

A watan Oktoban 2023 gwamnatin Kano ta ɗaura auren gata na mutum 1,800 da matansu ta hannun Hukumar Hisbah, da sadaki da gado da katifa. Tun 2012 aka soma irin wannan, kuma aikin lada ne. Sai dai wanda ya ba ka gado ba zai shigo ɗakinka ya ce wa matarka "sannu da aiki" a madadinka ba. Wannan kam naka ne.

Kada kowa ya laɓe bayan kunya. Kakata har ta koma ga Allah ba ta taɓa ambatar sunan kakana ba, "Malam" take cewa. Amma na sha ganin tsohon nan ya dawo daga kasuwa, ya laluba aljihu ya ciro farin goro, ya ɓare shi, ya miƙa mata babban ɓarin ba tare da ya ɗago kai ba. Ita kuwa da hunturu, kafin a kira assalatu ta hura wuta ta ɗumama masa ruwan alwala. Su ma fa talakawa ne, kuma sun fi mu kunya nesa ba kusa ba.

Addini ma bai bar mana mafaka ba. A Suratur Rum, aya ta 21, Allah ya lissafa ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata cikin ayoyinsa. Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, yana kuma taya iyalinsa aikin gida. Wane ne kai da za ka ce girmanka zai zube don ka riƙe jariri matarka ta sauke tukunya?

To mu tashi! Maigida, yau ka biya wurin mai tsire ka sayo daidai ƙarfinka, ka kife wayar nan, ka zauna kan tabarma ka tambaye ta yadda ta wuni, kuma ka saurari amsar. Uwargida, ki tarbe shi da ruwa da sakin fuska kafin ki fara lissafa masa abin da ya ƙare a kicin. Rana ta dafa shi a waje. Iyaye, idan kuna yi wa amarya da ango faɗa, kada ku tsaya kan "a yi haƙuri" kaɗai, ku ce musu su so juna, su nuna. Malamai, ku ɗauki maganar nan ku hau da ita mumbari ran Juma'ar nan, yaranmu na sahun baya suna ji.