Ajaokuta: Batun gasasshen kwal da ba a cika tayarwa ba

Duk lokacin da gwamnati ta yi alƙawarin farfaɗo da kamfanin ƙarafa na Ajaokuta a jihar Kogi, kamar yarjejeniyar da ta ƙulla da kamfanin Tyazhpromexport na Rasha a 2024, hankali yakan koma kan kuɗin gyara da wanda za a bai wa kwangila. Da wuya a ji mai tambayar da me za a hura wutar.

Masana'antar, wadda Tarayyar Sobiyet ta fara ginawa bayan kwangilar 1979, an tsara ta ne a kan ƙatuwar tanderun narka tama, wadda ba ta aiki sai da gasasshen kwal da ake kira kok. Ana samun sa ta hanyar gasa kwal a rufaffen ɗaki da iska ba ta shiga, a zafin da ya kai digiri 1,000, har kwalta da gas su fice, a bar dunƙule mai tauri da ƙananan ramuka.

Aikinsa a tanderu ya wuce ba da zafi. Shi ke zare iskar oksijin daga tama har ta koma ƙarfe, kuma shi ke tallafe nauyin kayan da aka jibga a sama domin iska mai zafi ta samu hanyar ratsawa. Gawayi ko kwal na yau da kullum murƙushewa zai yi.

A nan gizo ke saƙar. Tama tana nan a Itakpe, amma kwal ɗin Inugu ba ya gasuwa ya zama kok, na Obi a jihar Nasarawa kuwa yana gasuwa, sai dai toka da farar wuta sun yi masa yawa. Ke nan dole a sayo mafi yawa daga waje da dala, a kasuwar da Ostireliya ke kan gaba, sannan a ɗauko shi daga gaɓar teku zuwa Kogi ba tare da yankewa ba, domin tanderun da ta huce da ƙarfe a ciki tana iya lalacewa.

Birtaniya ta ɗanɗana wannan a Afrilun 2025, lokacin da majalisarta ta yi zaman gaggawa ranar Asabar don gwamnati ta karɓe ragamar British Steel a Scunthorpe kafin makamashin tanderunta ya ƙare. Najeriya na da gas mai yawa, kuma masana'antar Aladja a jihar Delta da shi aka tsara ta sarrafa tama. Sauya Ajaokuta zuwa wannan hanya na nufin jingine tanderun da ba a taɓa hura ta ba.