A Duba Ciki Kafin A Ce Gyambo Ne

Mai ciwon ciki a ƙasar nan yakan yanke wa kansa hukunci cewa gyambon ciki ne. Sai ya yi ta sayen magani a kanti wata da watanni, har ciki ya kumbura, idanu su yi ɗorawa, sa'an nan a kawo shi asibiti ranga-ranga. Sau da yawa a nan ne akan gane ashe hanta ce, kuma ta riga ta lalace.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi a shekarar 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, ciwon da kan jawo sankarar hanta a ɓoye.

Alhali kuwa na'urar leƙa ciki ba baƙuwa ba ce. Tun shekarar 1958 Likita Ian Donald na birnin Gilasgo ya bayyana yadda ake ɗaukar hoton ciki da amon sauti, wato abin da jama'a ke kira sikanin. Ba yanka, ba allura. Tana nuna hanta da saifa da ƙoda, da tsakuwar maɗaciya, da ruwan da ya taru a ciki. Wanda hantarsa ta fara taurarewa, likitoci sukan so a duba shi da ita duk bayan wata 6.

Amma fa tana da iyaka. Iskar da ke cikin tumbi da hanji takan tare sautin, don haka gyambo sai an zura siririn bututu mai fitila ta baki ake tabbatar da shi. Masu shagunan hoto da ke rubuta wa mutane "gyambo" bayan sikanin kaɗai, cin amanar talaka suke yi, ko da sun sa farar riga.

Lalle ne Ma'aikatar Lafiya ta sa wannan na'ura a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, da wutar da za ta riƙe ta, da ma'aikacin da aka horar ya karanta hoton. Shagunan kuma a bi su ɗaya bayan ɗaya a nemi takardar shaidar mai riƙe da na'urar. Wanda ba shi da ita a rufe.