Sirrin Talaka Amana Ne A Hannun Kamfani

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, yau babu ƙofar da mutum zai shiga ba a tambaye shi sunansa da lambar wayarsa ba. Banki na son hotonka da zanen yatsanka. Kamfanin waya na son lambarka ta zama ɗan ƙasa. Mai ba da rance ta waya kuwa, har sunayen mutanen da ke cikin wayarka yake kwashewa. Muna bayarwa don tilas. To, wa ke ɗauke da alhakin abin da muka bayar?

Kowa ya ji abin da waɗansu masu rancen nan suka riƙa yi. Mutum ya ci ɗan bashi, ya yi jinkirin kwana biyu, sai a aika wa surukansa da abokan cinikinsa saƙo wai shi ɓarawo ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma ɗan kasuwa mutuncinsa ne jarinsa na fari. Ran da aka zubar masa da shi, wane dila ne zai sake ba shi kaya ya sayar ya kawo kuɗi?

To, ku sani akwai doka. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, aka kafa hukumar NDPC ta tsare ta. Ga abin da dokar ta ɗora wa kamfani. Tilas ya gaya maka abin da zai yi da bayaninka, kada kuma ya karɓi fiye da bukata. In da yardarka ya dogara, kana da ikon janye ta. In ka nemi ganin abin da ya rubuta a kanka, sai ya nuna, in akwai kure ya gyara. In ka ce a daina damunka da talla, tilas a daina. In ɓarayi suka fasa rumbunsa har abin zai cuci mutane, sa'a 72 kaɗai gare shi ya sanar da hukuma. Babban kamfanin da ya karya doka ana iya cinsa tarar naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ya samu a shekara, watau wanda ya fi yawa.

Hukumar ta fara nuna haƙori. A 2024 ta sanar da tarar naira miliyan 555.8 a kan bankin Fidelity, ko da yake bankin ya musa laifin. A 2025 ta sanar da ta miliyan 766 a kan Multichoice mai DStv.

Madalla. Amma mu dai ba za mu yi guɗa ba tukuna, gama tara ba ta shiga aljihun wanda aka ci wa mutunci. Dokar kuwa ta ba shi ikon kai ƙara ga hukuma, ya kuma nemi diyya a kotu. Mai tumatir a 'Yan Kaba, yaushe zai bar tirensa ya bi sawun takarda? Saboda haka muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi su buɗe littafin ƙara, su tattara koke-koken mutanensu, su kai da murya ɗaya. Kamfani kuma ya bayyana sharuɗɗansa da harshen da mai ciniki ke ji, kafin a ce masa danna nan.

Sa'an nan mu dubi kanmu. Mai POS da mai rajistar layi, lambobin mutane da ke hannunku amana ce, doka ta hau kanku ku ma. Kada ku sayar, kada ku ba wani aro.

Jama'a, kafin ku miƙa lamba ku tambaya: me za a yi da ita? Wanda ya ƙi amsawa, ku riƙe abinku. In kunne ya ji, jiki ya tsira.