Haruffan Boko Ba Su Isa Mai Koyon Japananci Ba

Akwai wata magana da mu kan ji a bakin waɗansu samarinmu masu niyyar zuwa karatu ƙasar Japan, wai tun da ana iya rubuta Japananci da haruffan boko, me zai sa mutum ya wahalar da kansa wajen koyon rubutun mutanen ƙasar? Mu dai ba mu yarda da wannan magana ba, ga kuwa dalilinmu.

Japanawa suna kiran rubutun harshensu da haruffan Turawa romaji. Tsarin da ya fi bazuwa a duniya shi ne mai sunan wani likita Ba'amurke, James Hepburn, wanda ya buga ƙamusunsa cikin 1867. Gwamnatin Japan ta kafa nata tsari dabam cikin 1937, ta sabunta shi cikin 1954, watau wanda a cikinsa dutsen Fuji ya zama Huzi. Amma fasfo da allunan tashoshin jirgin ƙasa suka bi na Hepburn, har cikin 2025 majalisar da ke ba Gwamnati shawara kan al'adu ta ce a koma gare shi.

To, a lura da abin da ya faru bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Cikin 1946 wata ƙungiyar masanan ilmi ta zo daga Amurka, ta ba da shawara Japan ta rungumi romaji, wai bakaƙen kanji, waɗanda aka aro daga Sin, sun yi wa talaka nauyi. Ƙasar tana hannun sojan Amurka a lokacin, duk da haka ba a bi shawarar ba. Sai aka taƙaita kanji na amfanin yau da kullum zuwa 1,850, aka kuma jarraba jama'a cikin 1948, aka tarar waɗanda ba su iya karatu ko kaɗan ba 'yan ƙalilan ne. Jerin nan ma ƙaruwa ya yi daga baya, don tun 2010 ya kai 2,136.

Ba taurin kai ya sa su haka ba. Harshensu cike yake da kalmomi masu lafazi iri ɗaya. Kami takarda ce, gashin kai ne, kuma abin bauta ne. Hashi gada ce, kuma 'yan sandunan cin abinci ne. A kanji kowace da nata baƙi, ido na gani ya rarrabe. A romaji kuwa duk sun zama ɗaya. Mu Hausawa ai bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, tun da bokonmu ba ya raba garin da a ke zama da garin da a ke tuƙa tuwo. Haka nan idan aka yar da alamar jan wasali, kamar yadda a kan yi sau da yawa, sai obasan, watau inna ko gwaggo, ta rikice da obaasan, watau kaka. Wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne ga baƙo a gidan mutane.

Ba mu ce romaji ba shi da amfani ba. Yaran Japan suna koyonsa a aji uku na firamare, kuma da shi yawancin ma'aikata ke buga rubutu a kwamfuta. Amma fa idan mutum ya buga kami, na'urar jero masa bakaƙe za ta yi, shi ya zaɓa. Wanda bai san kanji ba, me zai zaɓa?

Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu da malamansu, a yi amfani da romaji a makon farko ko na biyu kurum, don a kama lafazi. Daga nan sai a shiga hiragana da katakana, waɗanda kowannensu tushen bakaƙensa 46 ne, yaron da ya haddace bakaƙen allo kuwa ba za su gagare shi ba. Wanda ya sauka Tokyo da romaji kaɗai zai karanta sunan tasha, amma takardar hayar ɗaki, da jarida, da umurnin da ke jikin kwalbar magani, tilas ya nemi mai karanta masa.