Tafiya Ƙasar Waje Da Mai Tsohon Ciki

Ma'aikacin da aka tura Ingila kwas, ko attajirin da zai koma Jidda da iyali, ya sani aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗora wa miji ɗawainiyar mai ciki ko da ya sake ta, balle wadda ke ɗakinta.

Yawancin jiragen sama ba su ɗaukar mace in cikinta ya wuce mako 36. Daga mako 28 kuwa sukan nemi takardar likita. A riƙe katin awo, a kama asibiti tun kafin a tashi, a ji kuɗinsa. A nemi likita mace. In babu, larura ta halatta namiji. Can fa babu gwaggo mai dafa ruwan jego, sai maigida ya zage damtse.