Gani Ya Kori Ji: Yadda Ƙwayar Shan Inna Take Shiga Jiki

 Yau za mu yi bayani a kan wata halitta wadda ido ba ya ganinta, alhali ta gurgunta 'ya'yanmu masu yawa. Mutanen da sun jingina wannan ciwo ga wata aljana, Inna, domin ba su da abin ganin sababinsa. Likitoci kuwa suna kiran irin wannan ƙwaya bairas.

Ku sani, in aka jera guda 30,000 daga cikinta, ba za su cika milimita ɗaya ba, shi ya sa madubin likita na yau da kullum ya gaza nuna ta. Sai a 1931 Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubi mai aiki da lantarki a Jamus, kuma a 1939 aka ɗauki hoton bairas mai kama ganyen taba.

Abin da wannan madubi da binciken masana suka bayyana shi ne, bairas ba ta hayayyafa da kanta. Ɗan ƙwanso ce kawai mai ɗauke da umarni. Takan manne wa ƙwayar halittar jikin mutum, ta zuba umarnin a cikinta, sai ƙwayar ta bar aikinta, ta ƙera dubban irinta cikin sa'o'i kaɗan, sa'an nan ta fashe.

Ta shan inna tana shiga ta baki, da ruwa ko abincin da bahaya ya gurɓata, ta yaɗu a hanji. A cikin yaro ɗaya daga kimanin 200 takan kai ga laka, ta hallaka ƙwayoyin da suke motsa gaɓoɓi, waɗanda ba sa sake tofowa.

Saboda haka penisilin ba ya taɓa ta, kuma babu maganin da yake mayar da ƙafar da ta shanye. Rigakafi ne yake sanar da jiki kamanninta tun ba ta iso ba. Da aka dakatar da shi a wasu jihohinmu a 2003, cutar ta tsallaka ƙasashen waje. Da aka dage, a 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar ta ƙare a Afirka, amma tana nan a Pakistan da Afganistan.

To, iyaye, kada mu hana yaranmu ɗigon nan. Allah ya kiyaye mana zuriya, amin.