Ya Kamata Kowane Ɗan Makaranta A Ƙasar Kabi Ya Riƙe Littafin Zane

Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu ya san irin dukiyar da aka tara a cikinsa. Gidan nan shi ne fadar sarakunan Kabi har zuwa shekarar 1942, sa'an nan a cikin 1958 aka buɗe shi ya zama ma'ajiyar kayan tarihi. A ciki mutum zai ga takubba da masu, da kwari da baka, da tambura, da sauran kayan yaƙi da na sarauta waɗanda suke ba da labarin daular da Muhammadu Kanta ya kafa tun farkon ƙarni na 16. Waɗanda suka yi wannan tanadi sun cancanci yabo. Amma fa kayan da aka jingine a bango ba ya magana. Ko da an rataye homa a ɗaki, ba za ta nuna wa baƙo yadda masunci ke kwanciya bisa gora yana tura ta cikin ruwa ba, kuma ba za ta gaya masa sunan kifin da ta saba kamawa ba. Wannan ɓangare na tarihi, watau zaman yau da kullum na talaka da dabbobin da yake rayuwa tare da su, shi ne wanda ba mu yi wa tanadi ba, kuma shi ne ya fi saurin salwanta.

Shawarar da muke so mu kawo a nan ba mai tsada ba ce. Muna ganin ya kamata kowane yaro da yarinya da ke makaranta a Birnin Kebbi da Argungu da ƙauyukan da ke bakin gulbi su riƙe littafin zane, watau ɗan littafi mai farar takarda wanda za su riƙa zana abin da idonsu ya gani a gida da kasuwa da fadama, su rubuta sunansa da ranar da suka gan shi.

Wani zai ce ai al'adun Kabi ba su cikin haɗari, tun da duniya ta san su. Gaskiya ne bikin kamun kifi na Argungu ya yi suna. An faro shi a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu don tabbatar da zumunci bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye. To, amma biki kwana huɗu ne, shekara kuwa kwana 365 ce. Bugu da ƙari, mun ga yadda bikin ya tsaya bayan na 2009, ba a sake yin sa ba sai a watan Maris na 2020. Yaron da aka haifa a farkon wannan tsaiko sai da ya kai shekara goma kafin ya ga dubban masunta sun auka Matan Fada a lokaci guda. In abin da gwamnati da masarauta suke tsaye a kansa zai iya yin shekara goma a kwance, ina ga abin da babu mai kula da shi?

A dubi yadda zaman kwarin Rima ya sake cikin shekaru hamsin da suka wuce. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a 1984, suka canja yadda ruwa ke malala cikin fadama kowace shekara, wanda da shi ne kifi ke hayayyafa, da shi ne kuma ake noman shinkafar gargajiya. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a nan Birnin Kebbi, a 2017 kuma aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa a Argungu. Injin ban ruwa ya kori jigo, jarka ta kori tulu, roba tana korar ƙwarya, babur da a-daidaita-sahu suna karɓe aikin jaki. Ba mu ce a koma baya ba, domin duk wanda ya taɓa yini yana ɗaga jigo ba zai yi kukan rabuwa da shi ba. Abin da muke cewa shi ne, in abu zai tafi, to a bar wa na baya kamanninsa da sunansa.

Haka zancen yake game da dabbobi da tsuntsaye. Gauraka, wanda ake ɗauka shi ne tsuntsun ƙasa na Nijeriya, yau ganinsa a dajin ƙasar nan ya zama abu mai wuya ƙwarai. Ungulu, wadda a da ba a rasa ta a mahauta, tun 2015 masana halittu na duniya suka sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. A tara 'yan sakandare a ce su bambanta zalɓe da shamuwa da balbela, ko dinya da kirinjijiya, a ga nawa za su iya. A kai su bakin kasuwar kifi a ce su nuna giwan ruwa da ragon ruwa, da yauni da tsage da ƙurungu da gaiwa. Da yawansu tarwaɗa kaɗai suka sani, ita ma domin ana kiwonta a tafkin siminti. Alhali kuwa a cikin garinsu akwai Sarkawa da Kabawa tsofaffi waɗanda suka san kowane kifi da lokacinsa da irin kayan da ake kama shi da shi, ko taru ko birgi ko gura ko mamari. Ranar da irin waɗannan dattawa suka kwanta dama, ilmin ya bi su kabari.

Masu karatu za su so su ji ko zane ya taɓa ceton wani abu daga mantuwa. Ya taɓa, kuma a wannan ƙasa tamu. A cikin 1853 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya sauka Gwandu a zamanin Sarki Halilu, daga nan ya biyo ta Birnin Kebbi a kan hanyarsa ta zuwa Tumbutu. Mutumin nan ba ya rabuwa da littafinsa na aljihu. Yana rubuta sunayen garuruwa da kalmomin harsuna, yana kuma zana gidaje da rumbuna da kayan aiki. Da ya koma Turai aka buga labarin tafiyarsa cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, da hotunan da aka yi daga zanensa, har da na birnin Kano kamar yadda ya hango shi daga kan Dala. Yau in ɗalibinmu yana son ya ga kamannin ƙasar Hausa ta wancan zamani, sai ya nemi littafin baƙo. Wannan ya isa ya zame mana izina.

Tun kafin Barth da ƙarnoni masu yawa, wasu mutane da ba a san sunansu ba sun zana shanu a jikin duwatsun Birnin Kudu da ke Jihar Jigawa ta yanzu. Shanun da suka zana ba su da tozo, sun bambanta da bunaji da rahaji da bokoloji da muke gani a garken Fulani a yau. Da wannan zane ne aka san irin dabbar da aka yi kiwo a can a da. Ashe hannun da ya zana abin da ido ya gani yana iya ba da shaida bayan harshe ya yi shiru.

Akwai masu cewa zamanin fensir ya wuce, tun da kusan kowane saurayi yana da wayar da ke ɗaukar hoto. Hoto yana da amfaninsa, ba a musu. Sai dai mai ɗaukar hoto yana latsawa ne ya wuce, ba lallai ne ya lura da abin da ya ɗauka ba. Mai zane kuwa tilas ya zauna. In zai zana ƙurungu sai ya ƙidaya gashin bakinsa, ya ga inda ƙayarsa take. In zai zana raƙumi yana durƙusawa sai ya lura da ƙafafun da suke fara lanƙwashewa. In zai zana kwalekwale sai ya tambayi mai jirgi sunan kowane sashe, daga nan hira ta ɓarke tsakanin yaro da dattijo, wadda ita ce ainihin ribar aikin. Kuma kowa ya san ƙarshen hotunan waya: ta faɗa ruwa, ko a sace ta, ko ta cika a goge. Littafin da aka adana cikin akwati yana iya kai wa jikoki. Kada kuma a manta, a jarrabawar ilmin halittu ta WAEC da NECO ana ajiye wa ɗalibi kifi ko ƙwaro ko ganye a ce ya zana ya sa wa sassansa suna. Yaron da ya saba tun yana firamare ba zai yi rawar hannu a ranar ba.

Magana ta biyu ta fi nauyi, kuma ba daidai ba ne a kauce mata. Iyaye da yawa suna ƙyamar zanen abu mai rai saboda addini, kuma damuwarsu tana da tushe. Wannan fage ne na malamai, su ya kamata a tuntuɓa tun kafin a fara. Abin da aka sani a littattafan fiƙihun Malikiyya shi ne an bambanta tsakanin mutum-mutumi cikakke mai inuwa, wanda aka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a takarda, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi. Itatuwa da jirage da gidaje da kayan sana'a kuwa babu saɓani a kansu. Saboda haka yaron da mahaifinsa bai yarda ya zana dabba ba, kada a tilasta masa. Ga giginya da kuka, ga rumbu da turmi, ga homa da gora, sun ishe shi cika littafi. Ya kuma kamata a tuna cewa Musulmi sun yi wa ilmi hidima ta wannan hanya. A fadar Sarki Jahangir na Indiya, wanda ya yi mulki daga 1605 zuwa 1627, an yi wani gwanin zane mai suna Ustaz Mansur, wanda aikinsa shi ne zana tsuntsaye da dabbobi da furanni. A cikin zanen da ake danganta masa akwai na wani tsuntsu na tsibirin Morishiyas da ya ƙare ƙaf a duniya kafin ƙarshen wancan ƙarni, kuma masana suna lissafa zanen cikin mafi inganci da aka samu na wannan tsuntsu.

Ba kuma za a ce zane baƙon abu ne a hannun Bahaushe ba. Mai zayyanar allo, da mai ɗinkin aska takwas a gaban riga, da magini mai yi wa soro ado, da mai ƙona zane a bayan ƙwarya, da mai ƙunshi, dukansu ido da hannu suke aiki da su. Abin da ya rage shi ne a juya wannan baiwa ta fuskanci abin da ke gabanmu.

Yadda za a yi aikin ba shi da wuya. Littafi ɗaya da fensir ɗaya sun isa zango guda. Daga aji huɗu na firamare zuwa ƙarshen ƙaramar sakandare, a nemi kowane ɗalibi ya cika shafi ɗaya a mako. A ƙarƙashin kowane zane ya rubuta abu huɗu: kwanan wata, da wurin da ya ga abin, da sunansa da Hausa ko Fulatanci ko Zabarmanci, da boko ko da ajami, da kuma wanda ya gaya masa sunan. Kada malami ya ba da maki don kyan zane, ya bayar don gaskiyarsa. Akuyar da aka zana karkatacciya amma aka lura da yadda take tuƙa ta fi kyakkyawan zakin da aka kwafo daga kalanda. Kada a tura yara bakin gulbi su kaɗai, sai tare da malami ko babba. 'Yan mata kuma kada a bar su baya, domin abin da ke cikin gida, daga murhu zuwa akurkin kaji zuwa turken jar akuya, su suka fi kowa ganinsa, kuma shi ne ba ya shiga hoton 'yan jarida.

Muna kira ga Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Kebbi da ta sa wannan cikin darasin al'adu da fasaha da ake da shi a manhaja, wanda a makarantu da yawa ya tsaya ga kwafar rubutu daga allo. Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, wadda ke horar da malaman gobe, ita ce ta fi dacewa ta fara, domin malamin da bai taɓa riƙe littafin zane ba ba zai iya sa yaro ya riƙe ba. Masu shirya bikin kamun kifi, da suke ba wanda ya kamo kifi mafi girma mota da kujerar Makka, ba za su gaza ware kyauta ga ɗalibin da ya kawo littafi mafi cika ba. Daga ƙarshe muna roƙon masarautun Argungu da Gwandu su sa baki, a keɓe ɗaki a Gidan Tarihi na Kanta inda za a riƙa ajiye zaɓaɓɓun littattafai daga kowace ƙaramar hukuma duk shekara. In aka yi shekara ashirin ana haka, jihar za ta mallaki tarihin da babu kuɗin da zai saye shi, wanda 'ya'yanta suka rubuta da hannunsu.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dattawan da suka san sunayen suna nan da ransu, shamuwa tana zuwa da damina, masunta suna fita da asuba. Abin da ya rage shi ne a miƙa wa yaro fensir a ce masa je ka duba. Allah Ya sa shugabanninmu su ji, su kuma aikata.